Tarihin Ajiyar Irin Yisti: Daga Gindin Tukunya Zuwa Gangaren Agar

1.0 Gabatarwa

Duk manomin da ya san abin da yake yi, idan ya gama girbi, kafin ya kai hatsi rumbu sai ya zaɓi zangarniyoyi masu kyau ya ɗaure su daban. Wannan shi ne iri. Komai tsananin yunwar bazara, iri ne ake taɓawa a ƙarshe, domin wanda ya cinye irinsa ya cinye amfanin damina tun ba ta faɗi ba. Masu sana'o'in da suka dogara ga tsimi, watau masu gasa burodi da masu dafa giya, su ma suna da nasu irin, shi ne yisti. Sai dai nasu ba ya jure ajiya kamar gero ko dawa, domin idan aka bar shi yakan mutu, ko kuwa wasu ƙwayoyin su shiga cikinsa su lalata shi.

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin wata hanya guda ta ajiye wannan iri, watau renonsa a kan daskararren abinci da aka kafe a karkace cikin 'yar kwalbar gwaji. A nan za mu kira wannan abu gangaren agar. Za mu duba yadda ake ajiye iri kafin a san mene ne yisti, da yadda agar ya shigo ɗakin bincike, da yadda hanyar ta yaɗu har ta iso hannun masu haɗa giyarsu a gida a Turai da Amurka. Ya kamata a faɗa tun da wuri cewa yawancin wannan tarihi a gidajen giya na Turai ya faru. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, ba kuwa shi ne abin tattaunawa a nan ba. Abin da ya sa tarihin ya shafi kowa shi ne, da irin wannan kwalba ake renon ƙwayoyin cuta a asibitoci domin a gane su, da ita kuma ake ajiye yistin burodin da muke ci kullum.

2.0 Kalmomin Da Za A Yi Amfani Da Su

Kalmar yisti ararriya ce daga Ingilishi. Bahaushe ya daɗe da sanin aikin yisti, shi ya sa yake cewa ƙullu ya tashi, ko ya kumbura, ko ya yi tsami, amma aikin ya raɗa wa suna, bai raɗa wa mai aikin ba, tun da ba ya ganinsa. A Larabci sunan yisti da sunan giya tushensu ɗaya ne. Haka nan sunan da masana suka ba shi a 1838, watau Saccharomyces cerevisiae, ma'anarsa naman gwarin sukari na giya, kuma ɓangaren farko na sunan asalinsa ɗaya da kalmarmu ta sukari, wadda muka aro daga Larabci.

Shi kuwa agar, sunan daga harshen Male ya fito, inda ake maimaita shi a ce agar-agar. Wani sinadari ne da ake tatsowa daga jar ciyawar teku. Idan aka dafa shi da ruwa ya huce sai ya kafe kamar kamu. A cikin wannan takarda, in an ce iri ana nufin yistin da aka ajiye domin a tayar da sabon tsimi da shi, in kuma an ce ruwan tsiro ana nufin ruwan zaƙin da ake samu daga hatsin da aka jiƙa ya tsira aka dafa, wanda shi ne abincin yisti.

3.0 Ajiyar Iri Kafin A San Yisti

Shekaru dubbai mutane suka yi suna kiwon yisti ba tare da sun san halitta ce mai rai ba. Abin da suka lura da shi shi ne, kumfar da ke tasowa a saman tukunya, ko dusar da ke kwantawa a gindinta, idan aka zuba ta a sabon ruwan tsiro sai ya tashi da sauri. Saboda haka kowace tukunya ita ke ba ta gaba iri. A Ingila ta ƙarni na 15, a birnin Norwich, sunan da ake kiran wannan kumfa da shi ma'anarsa Ubangiji mai alheri ne, domin sun ɗauke ta wata baiwa ce da ba a san sirrinta ba. Shahararriyar dokar da aka kafa a Bavariya ta ƙasar Jamus a 1516 ta ƙayyade cewa ba za a sa komai a giya ba sai ruwa da sha'ir da furen hop mai ɗaci, ba ta ko ambaci yisti ba.

Matsalar ita ce lokacin da ba a dafa komai. Manoman yammacin ƙasar Norwe, waɗanda sau biyu ko uku kawai suke dafa giya a shekara, sun warware ta da shanya. Sukan sassaƙa gungumen itace mai ramuka, ko su harhaɗa ƙananan katakai su yi zobe, su tsoma a kumfa, su rataye ya bushe. Akwai irin wannan gungume daga Morgedal mai ɗauke da shekarar 1621 a jikinsa. Yistin da ake ajiyewa ta haka suna kiransa kveik. A nan Afirka ta Yamma ma dabarar kusan ɗaya ce. Matan da ke dafa fito da dawa a arewacin Gana sukan shanya dusar gindin tukunya, ko su tsoma wata saƙaƙƙiyar ɗamara a cikin tsimin su ajiye ta har dahuwa ta gaba. Masu burukutu a Nijeriya sukan rage wani abu daga tsohuwar dahuwa su zuba a sabuwa, kamar dai yadda mai kindirmo take ɗiga na jiya a cikin madarar yau.

Abin lura a nan shi ne, duk irin da aka ajiye ta waɗannan hanyoyi gauraye yake. A cikinsa akwai yisti kala-kala, sau da yawa har da bakteriya masu kawo tsami. Idan aka yi sa'a, masu amfanin su rinjayi sauran. Idan kuwa aka yi rashin sa'a sai dahuwa ta lalace, mai ita ya tafi maƙwabta roƙon iri, ba tare da ya san abin da ya faru ba.

4.0 Gano Cewa Yisti Yana Da Rai

Mutum na farko da ya ga ƙwayoyin yisti shi ne Antonie van Leeuwenhoek, wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, wanda ya ƙware wajen gyara gilashin ƙara girman abu. A 1680 ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan cewa ya ga wasu 'yan dunƙule-dunƙule a cikin ɗigon giya, amma bai ce masu rai ba ne. Sai a 1837 mutum uku, kowa a nasa wurin, watau Cagniard de la Tour a Faransa, da Theodor Schwann da Friedrich Kützing a Jamus, suka nuna cewa yisti tsiro ne mai hayayyafa ta hanyar toho, kuma shi ke juya sukari. Manyan masana kimiyyar haɗa sinadarai na lokacin ba su yarda ba. A 1839 mujallar da Justus von Liebig ke shiryawa ta buga wani rubutu na ba'a, inda aka siffanta yisti da 'yan dabbobi masu haɗiye sukari su yi kashin barasa.

Louis Pasteur ne ya kashe wannan gardama da gwaje-gwajen da ya fara bugawa daga 1857. A littafinsa kan giya na 1876 ya nuna cewa bakteriya ne ke lalata ta, ya kuma ba da shawarar wanke yisti da ruwa mai tsami domin a kashe su. Wannan ya rage ɓarna, amma bai kawar da ita ba, saboda akwai yistin daji da ke jure tsamin, wanda shi ma yana ɓata dahuwa. Muddin ana renon ƙwayoyi a cikin ruwa, to, suna yawo suna cakuɗa da juna, raba su kuwa sai da wahala mai yawa. Abin da ake bukata shi ne wuri mai tauri, inda kowace ƙwaya za ta tsaya inda ta faɗi, 'ya'yanta su taru a kewayenta har su yi tsibin da ido zai gani.

5.0 Shigowar Agar

Robert Koch, likitan nan na Jamus, shi ya mayar da wannan tunani tsari. Ya fara da yankakken dafaffen dankalin Turawa, daga baya ya koma ga romon nama da aka kafe da jelatin, watau sinadarin nan da ke sa romon ƙafar saniya ya daskare idan ya kwana. A watan Agusta na 1881 ya nuna hanyar a babban taron likitoci na duniya a Landan, har Pasteur, duk da ƙiyayyar da ke tsakanin Faransa da Jamus a lokacin, ya yaba masa. To, amma jelatin yana da aibi biyu. Na farko, yakan narke da zafin bazara, balle a digiri 37 na jikin mutum, inda ƙwayoyin cuta suka fi son girma. Na biyu, bakteriya da yawa suna cin sa, su mayar da shi ruwa.

Maganin wannan matsala daga madafa ya fito. Akwai wani likita, Walther Hesse, wanda ya yi aiki a ɗakin binciken Koch a tsakanin 1881 da 1882, yana nazarin ƙwayoyin da ke cikin iska. Matarsa, Fanny Angelina Hesse, haifaffiyar birnin Niyok ce a 1850, ita ke dafa masa romon gwaji, ita ke kuma zana masa hotunan abin da ya tsiro. Da jelatin ya dame shi da narkewa, sai ta ba shi shawarar ya gwada abin da take kafe kayan zaƙinta da shi, wanda ba ya narkewa ko da rana ta yi zafi. Ta koyi amfani da shi ne tun tana yarinya daga wasu maƙwabta da suka taɓa zama a tsibirin Java, a ƙasar da yanzu ake kira Indonesiya. Can kuwa a gabashin Asiya an daɗe ana cin sa. Ruwayar Japanawa ta ce wani mai masauki a Fushimi ta Kyoto, Minoya Tarozaemon, shi ya gano yadda ake busar da shi wajen 1658, bayan ya zubar da ragowar abincin ciyawar teku a daren hunturu, ya daskare, ya bushe.

Agar ya dace da aikin ta hanyar da ba a zata ba. Ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85, in kuma ya narke ba ya sake kafewa sai ya sauko ƙasa da digiri 45. Ƙwayoyi kaɗan ne ƙwarai ke iya cin sa. Ga shi garau, ana hango abin da ya tsiro a kansa, kuma giram 15 zuwa 20 sun isa su kafe lita guda. Hesse ya sanar da Koch, shi kuwa Koch ya ambaci agar a gajeren zance cikin rubutunsa na 1882 kan ƙwayar tarin fuka, bai faɗi daga inda ya samo shi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1939, shekara biyar bayan rasuwar Fanny Hesse, wasu masana biyu a Amurka, Hitchens da Leikind, sun ba da shawarar a sa wa abincin agar sunanta, amma shawarar ba ta karɓu ba.

A wannan aiki na tarin fuka ne kuma aka ga amfanin karkatar da kwalba, domin Koch ya reni ƙwayar a kan ruwan jinin dabba da ya kafe da zafi a cikin kwalaben da aka jingine. Hikimar a fili take. Kwalba siririya ce, idan aka tsayar da ita fuskar abincin ba ta wuce faɗin kwabo ba, amma idan aka karkata ta sai fuskar ta yi tsawo, alhali bakin yana nan ƙarami, ƙura ba ta samun hanya, danshi kuma ba ya saurin fita. Faifan gilashin da Julius Petri ya fito da shi a 1887 ya fi dacewa da rarrabe ƙwayoyi, ita kuwa karkatacciyar kwalba ta fi dacewa da ajiya.

6.0 Hansen Da Iri Mai Uwa Ɗaya

Labarin zai koma ƙasar Danmak. J. C. Jacobsen, wanda ya kafa kamfanin Carlsberg a 1847, ya samo irinsa ne shekara biyu kafin nan daga gidan giyar Spaten na Gabriel Sedlmayr a birnin Munik. An ce a cikin akwatin hula ya ɗauko shi a keken doki, duk inda aka yada zango sai ya nemi ruwan sanyi ya kwara masa don kada ya mutu. Da wannan iri aka yi ta aiki, tukunya na ba tukunya, har kusan shekara arba'in. A 1875 Jacobsen ya kafa ɗakin bincike, a 1879 kuma Emil Christian Hansen, wanda ya fara rayuwa a matsayin mai fentin gidaje, ya zama shugaban sashen nazarin halittu a wurin.

Hansen ya ziyarci ɗakin binciken Koch a 1882, ya ga yadda ake aiki da jelatin, ya kuma ƙara wani mataki nasa. Yakan tsinka yisti sosai a cikin ruwan tsiro mai jelatin, ya shafa a kan gilashi mai zanen gidaje, ya duba da madubin ƙara girma har ya tabbatar cewa ƙwaya ɗaya tak ce a wani gida, ya sa mata alama. Idan ta hayayyafa ta yi tsibi, sai ya ɗauke ya sa a tsabtataccen ruwan tsiro. Ta haka duk abin da ya fito zuriyar uwa ɗaya ce. Da giyar Carlsberg ta fara ɗaci da wari a 1883, Hansen ya nuna cewa yistin daji ne ya shiga irin gidan, ya ware wanda ke ba da dahuwa mai kyau, aka yi aiki da shi a babbar tukunya a watan Nuwamba na wannan shekara. Jacobsen bai nemi haƙƙin mallaka ba, ya riƙa ba da irin kyauta ga masu nema. A 1886 wani ɗalibin Pasteur, Hartog Elion, ya ware wa kamfanin Heineken nasa irin a Holan.

Daga nan sai tambayar ajiya ta sake sabon salo. Da, abin da ake so shi ne iri ya rayu. Yanzu kuwa ana so ya rayu, kuma ya zauna shi kaɗai yadda aka ware shi. Hansen da kansa ya fi son ajiyewa a ruwan sukari mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, inda yisti kan yi shekaru da rai. Amma a ruwa ba a ganin baƙo in ya shigo. A kan gangaren agar kuwa, yisti kan yi shimfiɗa mai launin madara, duk wani abu mai gashi-gashi ko yauƙi ko wani launi daban nan take ido zai kama shi. Wannan ne ya sa gangaren ya zama hanyar yau da kullum a ɗakunan bincike na ƙarni na 20.

7.0 Rumbunan Iri

Da aka iya ajiye kowane iri a 'yar kwalba mai suna da lamba, sai aka fara gina masa rumbuna. A 1904 aka kafa cibiyar tara naman gwari a Holan. Johanna Westerdijk ta karɓi ragamarta a 1907 da kimanin iri 80, ta raya ta har ta kai dubbai, ita ce kuma mace ta farko da ta zama farfesa a ƙasar, a 1917. Tun 2017 cibiyar take amsa sunanta. A Ingila an mayar da tarin masu giya ya zama rumbun yisti na ƙasa a 1951, wanda daga baya ya koma Norwich, garin nan da muka ambata a baya, yana kuma riƙe da iri fiye da 4,000.

Sai dai gangaren yana da nasa rauni. Yistin da ke kansa bai daina rayuwa ba, sanyi ne kawai ya rage masa sauri. Abinci yakan ƙare, agar yakan bushe, saboda haka dole bayan 'yan watanni a ɗebo a dasa a sabuwar kwalba. Kowane dashe ƙofa ce ga baƙin ƙwayoyi da kuskuren lamba, kuma a hankali halin irin yakan sauya. A 1949 Boris Ephrussi a birnin Faris ya bayyana wani irin sauyi da ke hana yisti amfani da iska yadda ya kamata, har tsibinsa ya tsumbure. Wasu sukan rufe gangaren da tsabtataccen man farafin domin ya ƙara daɗewa. A wannan shekara ta 1949 kuma Christopher Polge da abokan aikinsa a Landan suka gano cewa gilisarin yana kare ƙwayoyin halitta daga lahanin ƙanƙara. Wannan ya buɗe hanyar daskarar da iri a digiri 80 ƙasa da sifiri, ko a ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifiri, inda rayuwa ke tsayawa cik. Manyan rumbuna sun koma ga wannan, gangaren ya zama na aikin yau da gobe.

8.0 Komawar Iri Gida

Lokacin da manyan cibiyoyi ke rage dogaro da gangaren agar, a lokacin ne ya sami sababbin masu riƙo. A 1963 gwamnatin Birtaniya ta soke lasin da ake nema kafin mutum ya dafa giya a gidansa. A Amurka, bayan an janye dokar hana barasa ta 1920 zuwa 1933, dafa giya a gida ya ci gaba da zama laifi har Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a wata doka a watan Oktoba na 1978, wadda ta fara aiki a Fabrairun 1979. Jihohin Misisifi da Alabama su ne na ƙarshe da suka amince, a 2013. Masu wannan sha'awa na farko ba su da zaɓi sai busasshen yisti na ƙunshi, wanda a wancan zamani ba a cika samunsa da tsabta ba. Kamfanonin sayar da tsabtataccen iri mai ruwa, kamar Wyeast a 1986 da White Labs a 1995, sun faɗaɗa zaɓin, amma da tsada, kuma wani irin ba kullum ake samunsa ba. Saboda haka wasu suka koyi aikin Koch da Hansen a madafarsu.

Yadda suke yi bai bambanta da na ɗakin bincike ba. Ana narkar da giram 2 na agar a mililita 100 na ruwan tsiro marar kauri, a zuba a kwalabe masu murfi kamar sulusinsu. Sai a dafa su a tukunya mai tsare tururi, a digiri 121, minti 15, domin tafasa kawai ba ta kashe ƙwayoyin da ke ɓuya a cikin ɓawo. Tun suna da zafi ake jingine su a karkace har su kafe, a bar su 'yan kwanaki a ga ko wani abu zai tsiro, wadda ta nuna alama a zubar. Daga nan a ƙona 'yar waya mai zobe a baki har ta yi ja, a bari ta huce, a taɓa tsibin yisti guda, a ja layi mai lanƙwasa daga gindin gangaren zuwa sama. Ana barin murfin sako-sako kwana uku zuwa biyar a zafin ɗaki domin iskar da yisti ke fitarwa ta samu mafita, sannan a ɗaure, a rubuta suna da kwanan wata, a sa a firiji mai digiri 4. Galibi akan sabunta bayan wata shida. In za a yi aiki da shi, sai a ɗebi ɗan kaɗan a sa a mililita 10 na ruwan tsiro, daga nan zuwa 100, daga nan zuwa lita, kowane mataki ninki goma.

9.0 Abin Da Aka Samu Da Abin Da Aka Rasa

Ribar wannan hanya ba ta bukatar dogon bayani: dahuwar yau ta yi daidai da ta jiya, asara ta ragu, kuma irin da aka ware a wata ƙasa ana iya aika shi wata a cikin ambulan. Amma tun da wuri aka ga cewa tsarkakewa tana zubar da wani abu. Masu giyar Ingila da suka gwada hanyar Hansen sun tarar tsohuwar giyarsu ta ajiya ta rasa ɗanɗanonta. A 1904 Niels Hjelte Claussen, shi ma daga Carlsberg, ya bayyana dalili: ɗanɗanon daga wani yisti na biyu yake fitowa, wanda tsarkakewa ta kore shi a matsayin baƙo. Ya sa masa suna Brettanomyces, watau naman gwarin Birtaniya.

Bugu da ƙari, da iri mai lamba ya cika kasuwa, sai mutanen karkara a sassa da yawa na Turai suka watsar da nasu na gado, ya mutu ba tare da an taɓa nazarinsa ba. Na yammacin Norwe ya tsira a hannun 'yan gidaje kaɗan. Daga 2014 wani marubuci ɗan ƙasar, Lars Marius Garshol, ya bi ƙauyuka yana tattara shi yana aikawa rumbuna, har da na Norwich. Binciken da aka buga a 2018 ya nuna cewa kveik dangi ne na daban, kowane gida irinsa gamayyar yisti da yawa ce, kuma yana aiki a zafin da ya kai digiri 40, inda yawancin yistin kamfani ke ɓata dahuwa. Da tsohuwar zuma ake magani. Amma ko a nan, abin da kamfanoni suka fi sayarwa ƙwaya ɗaya ce da aka zaro daga cikin gamayyar, domin ita hanyar Hansen ba ta san wani aiki ba sai warewa.

10.0 Kammalawa

Mun ga yadda ajiyar irin yisti ta taso daga gindin tukunya da gungumen itace da saƙaƙƙiyar ɗamara, ta bi ta madubin Leeuwenhoek da gwaje-gwajen Pasteur da Koch, ta sami agar daga madafar Fanny Hesse, ta sami tsarin uwa ɗaya daga Hansen, sannan ta koma gidajen mutane bayan 1963 da 1979. Abubuwa biyu suka fito fili. Na farko, ilmin ɗakin bincike a kan ilmin madafa aka gina shi, ko da yake sunayen masu madafar ba su cika shiga littattafai ba. Na biyu, kwalba tana adana abin da aka zaɓa aka sa mata ne kawai, sauran kuwa rayuwarsu tana hannun masu sana'ar da ke renonsu tukunya bayan tukunya.

Wannan batu na biyu ya shafi manazarta harshe da al'ada kai tsaye. Ƙullun waina da na funkaso da kindirmo duk tsimi ne, kuma a gidaje da yawa yistin kanti ya fara maye gurbin barin ƙullu ya kwana ya tashi da kansa. Masanin ƙananan halittu zai iya ware ƙwayoyin ya sa a kwalba, amma ba zai san wace tukunya zai nufa ba, ko me ake kiran kowane mataki, ko yaya mai sana'a take gane cewa ƙullu ya kai, sai an tambayi masu yi an rubuta. Wannan ɓangare na aikin namu ne, kuma ya kamata a fara shi tun masu sanin suna raye.